Idan maigida ya tafi ci-rani, aikinsa kan wa yake faɗawa?

Maman Walida

Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Shekaranjiya wata ƙawata da ke aure a Kano ta kira ni, muna cikin hira sai ta ce, "Ke kam ai kin huta, miji ba ya gari, ba girkin dare ba wankin manyan kaya, sai dai ki ji kuɗi sun shigo waya." Dariya kawai na yi, don a lokacin wayar na maƙale a kafaɗata, hannuna riƙe da guntun igiya, tunkiya ta tsinke ta faɗa gidan maƙwabta tana cin dusarsu.

Mu a wani ƙauye muke wajen Gumel. Baban su Walida bana shekararsa 9 yana zuwa Legas. Da acaɓa ya fara, da aka hana babura a wasu sassan garin a 2022 ya koma dako a kasuwar Mile 12. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu yake saɓa jakarsa, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗowa a gabas. To amma ai gona ba ta ƙare da gero ba. Wake na nan ba a gama roro ba, riɗi na jingine yana jiran kaɗewa, ga zoɓo, wanda ɓararsa kaɗai sai ta ci mini makonni, yatsu su rine su tsattsage. Ban da waɗannan akwai ayyukan da tun tasowata ban taɓa ganin mace ta yi a gidanmu ba: ɗora harawa a kan bishiya, ban-ruwan shanun huɗa, tayar da danga in iska ta kwantar da ita, kai taki gona kafin damina. Wasu ni nake yi da kaina, wasu in nemi yaro in biya shi da kuɗin ƙuli-ƙulina.

Ba ƙorafi na kawo ba, Allah ya sani bawan Allahn nan yana ƙoƙari. So nake in ji na wasu. Wacce mijinta, ko ɗanta, ko babanta ke tafiya, ta faɗa mana me ya sauya a aikinta.

Ta Annabi

Wa alaikumus salam. Yaya, ki ce wa ƙawar taki ta zo ta ɗana ko na mako guda ne. Mu a Zamfara muke, maigidan yana sayar da shayi a Fatakwal. A watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a jihar, muka yi makonni ba muryarsa ba aikensa. Aka kuma rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi. Ga akuya a turke, ba inda zan kai ta. Lokacin na fara zuwa surfe da daka a gidajen masu hali, a sallame ni da tsaba da dusa. Layi ya dawo, aike ya dawo, amma ban bar surfen ba har yau, tsoro ya riga ya shige ni. Itace ma mu muke zuwa, mu haɗu mu biyar ko shida, ba ma yin nisa saboda abin da kowa ya sani.

'Yar Adar

Sannunku da hira. Ni daga wajen Buza nike, jihar Tawa. Nan wurinmu tahiya ba sabon abu ba ce, kakana Abijan ya yi, babana ma haka, mijina kuwa Libiya yake zuwa aikin gini. In kin shigo garinmu da rani sai tsofaffi da mata da ɗiya ƙanana. In an yi rasuwa, har neman masu ƙarfin haƙa kabari ake yi.

Abin da nike so in faɗa shi ne maganar rumbu, don ban ji an taɓo ta ba. Kafin ya tahi sai ya fiddo mini dammunan hatsi ya ce wanga shi za ku ci. Sauran ya liƙe bakin rumbun da laka, ba a buɗewa sai damina, lokacin noma. Mace kuma ba ta shiga rumbun mijinta, haka muka taras. Wanda ke da izinin buɗewa in ta ɓaci shi ne wansa. To abin da ya fiddo ba ya kai mu wata huɗu, ko da na rage hura na koma kunu. Daga nan sai hatsin gamanata, ɗan abin da na noma da kaina bayan an tashi daga gandu. In shi ma ya ƙare sai awakina. In sun ƙare sai zogala da tafasa. Ina kallon rumbu cike a tsakar gida, ina auna tiya rabi.

Kuɗi yana aikowa, ba zan yi mai ƙarya ba. Amma ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza ake turowa da sunan wan nasa, shi ke da katin ɗan ƙasa, shi ke da babur ɗin zuwa gari. Ya karɓo, ya ware na Inna, ya ware na bashin taki, ya aiko yaro da nawa a ƙulle a leda. Ban taɓa sanin nawa aka turo ba sai in mijin ya kira ya ce kin ga saƙo.

Bara auta ya kwana biyu da masassara har yana sanƙarewa. Na tahi wurin wan mijina na ce a sai da ragon gidan a kai shi likita. Ya ce rago ba nasa ba ne, a jira mai shi ya kira. Mai shi yana Sabha, wayarsa a kashe. Na dawo ɗaki na tsaya gaban jerena, na ɗauko babbar kwallar da uwata ta saya mini ranar aure, wadda ko ruwa ban taɓa zubawa ciki ba, na goge ƙura da gefen zane, na ba dillaliya. Jika huɗu ta kawo. Da su na hau kabu-kabu da yaron. Ragon kuwa ni ke ba shi dusa safe da yamma har Layya.

Abin da ya ɗan tallafe mu shi ne asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta faro a jihar Maraɗi tun 1991 ya bazu har ya iso mu. Duk mako muna zubi, mai bukata ta ranta ta biya da ɗan abu a kai. Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, makullan a hannun mata uku. Ɗaya na ƙulle a bakin zanena yanzu haka. Shi kaɗai ne makullin da aka taɓa damƙa mini.

Ɗan Kurmi

Iyayena mata, a yi mini afuwa in sa baki, ko da yake zancen naku ne. Shekarata 14 ina zuwa Ibadan, kayan gwari nake sayarwa. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu 2021 da ni aka yi, da rigar jikina kaɗai na fita. Mu ma can ba kan katifa muke ba. Mutum takwas a shago ɗaya, garin kwaki da ƙuli, don dai a tara abin aikowa.

Maganar rufe rumbu, Hajiya, ba mugunta ba ce. In aka cinye hatsi da rani, ruwa ya sauka ba abin da za a ci a yi noma, dole mutum ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, tasa ciyawa ta cinye, baɗi a fi bana shiga uku. Tafiyar tamu ma ai rage baki ce, cin da zan yi a gida na bar wa yara. Aika kuɗi ta hannun ɗan'uwa kuma, gaskiya tsoron baki ne. Ranar da na fara tura wa iyalina kai tsaye, sai da aka kai ƙarata wurin mahaifiyata wai mace ta mallake ni.

'Yar Adar

Malam, Allah ya mayar maka da abin da ka rasa. Ba mu ce daɗi kuke ji ba. Ni ma na san amfanin hatsin damina, ni ke dafa shi in kai gona. Tambayata ɗaya ce: wadda aka yarda ta riƙe ɗiya shida da tsohuwa da bisashe wata bakwai, don mi ba a yarda ta san ranar da ya kamata a fasa rumbu ba? Wan naka yana kwana da yaron da ke kuka?

Gwaggon Yara

Ɗan Kurmi ɗana, ka faɗi gaskiya amma rabi. Ka manta da waɗanda ci-raninsu ya zarce ya zama ci-damina. Na san gida uku a unguwarmu da maza suka yi aure a can, sai da Sallah ake ganinsu da sabon agogo. Gonar mata da yara ke nomawa, in an girbe kuma a bugo waya a ce kada a taɓa.

Malamar Aji Huɗu

Ni abin da nake gani daga makaranta zan faɗa, ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye a ƙasar Daura. Rajistar ajina ita ke fara gaya mini maza sun tafi. Daga Nuwamba layin 'yan mata sai ya fara yin ramuka. In na bi sawu gida, ba ƙin boko ba ne. Uwar tana cikin kulle, ba ta fita, mijin da ke yi mata cefane ya tafi, to wa zai zama ƙafarta? 'Yar ce za ta kai niƙa, ta ɗebo ruwa a burtsatse, ta ɗauki tallar fura ko awara, ta je wurin mai POS. Wata uwa ta ce mini, "Malama, in na ba ki ita da safe, me zan ba ƙannenta da rana?" Ban sami amsa ba. Abin da muka iya yi shi ne muka roƙi iyaye a bar su su zo ko zuwa tara da rabi ne kafin tallar. Mazan kuwa da sun kai 14 ko 15 sai su bi yayyensu, ka ji an ce wane yana Abuja yana tura baro.

Jikar Inna

Ina karanta wa kakata abin da kuke rubutawa, ta ce lalle sai na rubuta nata. 'Yar ƙasar Keita ce a jihar Tawa ta Nijar, ga abin da ta ce.

Ta ce ku yaran yanzu kuna da waya, su a zamaninsu sai dai wani ya dawo daga Abijan ya kawo wasiƙa ko kaset, a taru a saurara. A yunwar 1984, wadda suke kira El Buhari saboda a lokacin ne Najeriya ta rufe iyaka, maza sun watse neman abinci, aka bar su da duwatsu. A shekarar ne aka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita, da kuɗin Italiya, ana biyan mutane da abinci. Ta ce in ka je wurin aikin kusan duk mata ne. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a gangaren tudu don tare ruwa, su suka haƙa ramuka a fako da diga, su suka dasa itatuwa, goyo a baya. Da yamma a auna musu hatsi da mai. Ta nuna mini tsakiyar kanta inda gashi bai sake fitowa sosai ba, ta ce gammo bai hana ba.

Ta ce abin da ya fi tsaya mata, da fakon nan ya farfaɗo ya fara ba da hatsi, a garinsu sai ga masu shi sun fito, kowa ya tuna gonar kakansa ce. Na tambaye ta ko ta ji haushi. Ta ce haushin me, ai ɗiyanta sun rayu. Sai kuma ta yi shiru ta ce in rubuta cewa ta ji.

Maman Biyu

Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ni kam kada in yi butulci, tafiyar maigidan alheri ta zame mini. A Kura muke, shi yana gadi a Abuja. Shekarar farko da ya aiko kuɗin Sallah, maimakon atamfa sai na sayi buhun shanshera ɗaya na turara, na shanya, na kai inji, na sayar. Da yana gida ba zan samu sarari ba, kuma ba zai so hayaƙi da tukwane a tsakar gida ba. Yanzu rabin ganga uku nake ɗorawa, mata biyu na taya ni ina biyansu. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kuɗinsa na cikin asusu ba a iya cirewa sai an ba mai POS kaso mai tsoka, shinkafata ce ta riƙe gidan. Har musaya na yi, kwanon shinkafa a ba ni manja da magi.

Aikin fa ba wasa ba ne. Ƙarfe huɗu na asuba nake hura wuta, idona har ya fara ba ni matsala saboda hayaƙi, ga juyin shanya a rana tsaka da ƙafa. Amma wahalar da kake ganin kuɗinta daban take.

Inda gizo ke saƙar shi ne in ya dawo. Wata bakwai ni ke yanke komai, daga kuɗin makaranta har gyaran kwata. Ranar da ya sauka sai in koma mai neman izinin leƙa zaure. Bara dillalin da ke ɗaukar mini kaya ya yi sallama, na fita muka yi lissafi ta bayan ƙyaure kamar kullum, na dawo na tarar an haɗe rai. Wai tun yaushe na fara magana da maza a ƙofar gida. Na ce tun ranar da aka bar ni da ƙofar. Kwana biyu ba ya cin tuwona. Daga baya shi da kansa ya ranci kuɗin taki a wurina, kuma ya biya, in faɗi gaskiya.

Ta Annabi

Maman Biyu kin ba ni dariya, wallahi haka suke. Nawa in ya dawo sai ya yi ta tambayar ina aka kai kaza, ina aka kai kaza, kamar baƙo mai binciken kaya.

Baiwar Allah

Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Ku naku suna dawowa. Ni daga wajen Kance nake, jihar Damagaram. Mijina ya bi ta Agadas lokacin da zinariya ta fashe a Jado, daga can ya ce zai ƙarasa Libiya. Shekara 3 ke nan da kiransa na ƙarshe. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba.

Shekarar farko na noma gonarsa da yarana. Ta biyu 'yan'uwansa suka ce mace ba ta riƙe gandu, za su riƙa nomawa suna ba mu. Sun ba mu sau ɗaya. Yanzu ƙwadago nake yi a garake, dashe da cirar ciyawa da ban-ruwa, kuma abin da ake ba mace bai kai na namiji ba ko da layi ɗaya muka gama tare. Da dare in yi saƙar tabarma.

A wajenmu da yawa mata sun gaji da jira sun bi hanyar Aljeriya da kansu, da yara. Kowa a nan yana tuna Oktoba 2013, da aka tsinci gawa 92 a sahara kusa da iyaka, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma akasari 'yan ƙasarmu ne. Duk da haka ana tafiya. Sau biyu ana yi mini tayi. Abin da ya riƙe ni tsohuwata ce, ba mai duba ta. Don Allah in akwai mai sani, me shari'a ta ce a kan irina?

Malam Na Zaure

'Yar'uwa, Allah ya bayyana shi da alheri. A mazhabar Malikiyya da muke bi, maganarki kashi biyu ce. In mijin da ya ɓata ya bar dukiyar da ake ciyar da matarsa, tana kai magana gaban alƙali, a bincika, in ba a same shi ba a yanka mata shekara 4, sannan ta yi idda irin ta takaba, wata 4 da kwana 10. Ki lura, lissafin ba daga ranar da ya tafi yake farawa ba, sai an kai maganar, shi ya sa zama shiru ke cutar da mata da yawa. In kuwa bai bar abin ciyarwa ba, wannan babi ne daban, alƙali na iya raba auren saboda rashin ciyarwa ba tare da jiran shekarun nan ba. Ki tafi da waliyyinki da shaidu biyu da suka san halin da kike ciki. Gonar kuma, muddin ba a tabbatar da mutuwarsa ba tasa ce, ba gado ba ce balle a raba, kuma haƙƙin cinku ke da yaran yana cikinta. Ki faɗi wannan ma a gaban mai gari.

Baiwar Allah

Na gode Malam, Allah ya saka. Wallahi ban san sai an kai magana ake fara ƙirgawa ba. Kawuna zai zo ranar kasuwa, zan gaya masa.

Maman Walida

Baiwar Allah, kin sa na ji kunyar tunkiyata. Allah ya kawo miki mafita, ki riƙa sanar da mu yadda ake ciki.

Jiya da dare Baban su Walida ya kira, na karanta masa na 'Yar Adar da na Ɗan Kurmi. Ya yi shiru, sai ya ce ai shi ba ya liƙe rumbu. Na ce haka ne, amma bara da farashin riɗi ya tashi a Maigatari na ce a sayar, ƙaninka ya ce sai ka dawo, ka dawo ya faɗi. Ya ce to bana in na ga ya yi in sayar, zai gaya wa ƙanin nasa. Na ce ya gaya masa ina ji, a haɗa mu a waya mu uku. Ya ce kati ya kusa ƙarewa.

Maman Biyu, don Allah ki yi mini bayanin turarar nan, awa nawa kike jiƙawa kafin ki ɗora, kuma da ruwan zafi ko na sanyi? Ana kawo shanshera daga Haɗeja nan kasuwarmu, ina so in gwada da rabin buhu kafin ya dawo.